Tara Gudummawa Don Noman Rani: Falalarsa Da Ƙa'idodinsa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, sanin kowa ne cewa damina a ƙasar Hausa ba ta wuce wata huɗu ko biyar. Da zarar an kai amfanin gona rumbu, sai samari su kama hanyar birane cin rani, su bar tsofaffi da mata da yara, alhali kuwa ga fadama kwance a bayan gari. Tun zamanin farin da aka sha a shekarun 1972 zuwa 1974 hukuma ta dage wajen gina manyan madatsun ruwa, kamar Tiga a Jihar Kano da Bakolori kusa da Talatar Mafara. Amma ruwansu bai kai ga kowane ƙauye ba. Saboda haka mutanen gari da 'ya'yansu mazauna birni sukan haɗa kuɗi don haƙa rijiyoyi, da sayen injin ban ruwa, da gyaran magudanai. Darasin wannan mako zai duba matsayin wannan aiki a shari'a.

Da farko, falalarsa. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito cewa da mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu, ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wace sadaka ce ta fi, sai ya nuna masa shayar da ruwa. Sa'adu ya haƙa rijiya da sunanta. Haka kuma Sayyidina Usmanu ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina, wadda mai ita yake sayar da ruwanta, ya bar wa Musulmi, gugansa bai fi na kowa ba. Rijiyar da ake shayar da lambu da ita ta haɗa lada biyu, domin hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa abin da mutum ko dabba ko tsuntsu ya ci daga shukar Musulmi sadaka ne a gare shi. Wanda ya ba magidanci buhun gero ya ciyar da shi kwanaki. Wanda ya kai ruwa gonarsa kuwa ya raba shi da roƙo, ya kuma zaunar da shi cikin iyalinsa.

Na biyu, inda kuɗin za su fito. Nan ne wasu masu kyakkyawar niyya suke kuskure, su zuba zakkarsu cikin asusun rijiya. Allah Maɗaukakin Sarki Ya ƙayyade masu cin zakka kashi takwas a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, kuma abin da yake sananne a mazhabar Imamu Malik shi ne ba a gina masallaci ko gada ko makamantansu na amfanin kowa da kowa da ita. Aikin gayya irin wannan da sadakar ganin dama ake yin sa, ko da waƙafi. Amma idan wani manomi talaka ne, ya halatta a ba shi zakka a hannunsa ta zama mallakarsa, ya sayi iri ko kayan aiki da ita. Kada kuma a tilasta wa kowa, ko a kunyata marar hali a gaban jama'a, domin dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa.

Na uku, riƙon amana. Asusun gari da yawa ba rowa ce ta kashe su ba, zargi ne. Ya kamata a zaɓi amintattu su riƙe kuɗin, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta wa jama'a. Kuɗin da aka tara don rijiya ba a juya su ga wata hidima sai da yardar waɗanda suka bayar. Idan rancen inji za a ba manomi ya biya bayan girbi, a rubuta a kafa shaidu, kamar yadda aya ta 282 cikin Suratul Baƙara ta yi umurni, kuma kada a ɗora masa ko kwabo a kan abin da ya karɓa, don wannan riba ce. A ware wani abu don gyara, gama injin da ya lalace aka jingine shi sadakarsa ta daina gudana.

Na huɗu, rabon ruwa. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hukuncin da Manzon Allah ya yanke game da wasu ƙoramu biyu na Madina: na sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sake wa na ƙasa. Ya kuma hana a riƙe rarar ruwa ga mai bukata. Don haka wanda ya fi ba da kuɗi ba shi da ikon toshe magudana, kuma makiyayi yana da hakkin a bar masa hanyar da zai kai dabbobinsa mashaya.

Daga ƙarshe, idan Allah Ya sa albarka, shari'a ta sauƙaƙa wa mai noman rani. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ushirinsa, watau ɗaya cikin 10. Abin da aka shayar da wahala, da jigo ko da inji, rabin ushiri ne, ɗaya cikin 20, muddin ya kai nisabi, watau sa'i 300. Wannan ya shafi alkama da shinkafa da masara. Tumatir da albasa da sauran kayan lambu babu zakka a kansu a wajen Malikiyya, sai dai a kuɗinsu idan sun kai nisabi shekara ta kewayo.

Allah Ya ba masu bayarwa ikhlasi, Ya ba masu riƙo tsoronSa, Ya wadata ƙasa da abinci rani da damina, amin.