Darasi a Kan Neman Taron Masu Barin Giya

Ya kai mai karatu, in giya ta kama ka, ko kuwa ta kama wani ɗan'uwanka, ka kasa kunne ga wannan magana. Mashayi yakan yi rantsuwa da safe, ya ce daga yau ya bari. Kafin rana ta faɗi, ga shi zaune a gidan burukutu. Ba lalle ƙarya ya yi da safe ba. Abin da ya kayar da shi, shi kaɗai ya ke fama, kunya kuwa ta hana shi faɗa wa kowa.

A cikin watan Mayu na shekarar 1935 wani dillalin hannun jari, sunansa Bill Wilson, ya tafi garin Akron a ƙasar Amurka domin ciniki. Cinikin ya lalace. Shi kuwa watanninsa biyar ke nan bai sha ba. Yana tsaye a zauren masaukinsa, yana jin hayaniyar mashaya a ɗakin shan giya, sai sha'awa ta taso masa da ƙarfi. Maimakon ya shiga, sai ya yi ta buga waya yana neman wani mashayi da za shi yi magana da shi. Aka haɗa shi da wani likita mai fiɗa, Bob Smith, wanda giya ta kusa ɓata masa aiki. Likitan ya ce minti 15 kaɗai za shi ba shi, amma suka zauna sa'o'i suna zance. Ranar 10 ga Yuni 1935 ita ce a ke lissafta ranar da likitan ya yi shansa na ƙarshe, ita ce kuma mafarin jam'iyyar da a ke kira Alcoholics Anonymous, ko AA, watau mashayan da ba su bayyana sunansu. Ka lura da abu guda: Bill ya nemi likitan nan domin ya tsirar da kansa ne, gama ya gane wanda ya taimaki ɗan'uwansa mashayi, ƙafarsa ta fi tsayawa.

Yanzu jam'iyyar nan tana cikin ƙasashe wajen 180. A shekarar 2020 masu bincike na Cochrane suka tattara gwaje-gwaje 27, suka iske hanyar da ke kai mutum ga taron AA ba ta gaza sauran hanyoyin jiyya ba, har ta fi su wajen barin sha ɗungum.

To, ƙaƙa za ka sami taro? Ka fara da likita ko ma'aikacin jiyya, musamman a asibitin da a ke duba ciwon ƙwaƙwalwa da shaye-shaye; su sukan san inda a ke taruwa. Ka tambayi shugaban addininka kuma, gama sau da yawa a ɗakin wata majami'a ko makaranta a ke aron wuri. In kana da waya mai intanet, ka rubuta sunan jam'iyyar da sunan garinka. Taro iri biyu ne: akwai na buɗe, wanda kowa ke iya zuwa, har matarka ko abokinka, akwai kuma na rufe, wanda na masu son barin sha ne kaɗai. Iyalin mashayi suna da nasu taro, Al-Anon, tun 1951. Wanda zancen dogara ga Iko Mafi Girma bai kwanta masa ba, akwai SMART Recovery, wadda aka kafa a 1994.

Kada tsoro ya tsayar da kai a bakin ƙofa. Ba a biyan kuɗin shiga, sai dai a zagaya da kwando, wanda ya ga dama ya jefa. Ba a tambayar sunan ubanka ko aikinka. Ba mai tilasta maka magana; ka zauna ka ji. Sharaɗi guda ne, ka so barin sha. Abin da aka faɗa a ɗakin nan, a nan ya kamata ya tsaya, kai ma ka riƙe amanar waɗansu. In taro na fari bai yi maka daɗi ba, kada ka yanke hukunci tukuna, gama kowane taro da halin mutanensa. Ka koma, ko ka gwada wani. In ka saba, ka roƙi wani da ya daɗe bai sha ba ya zama majiɓincinka, wanda za ka kira sa'anda sha'awa ta taso da dare.

Amma ga gargaɗi mai nauyi. Taro ba asibiti ba ne. Wanda ya daɗe yana sha da yawa kowace rana, in ya yanke gaba ɗaya, jikinsa yana iya rawa, ya yi farfaɗiya, ko hankalinsa ya rikice bayan kwana 2 ko 3, har mutuwa tana yiwuwa. Irin wannan mutum ya ga likita tukuna kafin ya bari.

In kuwa ka nema ba ka sami taro a garinku ba, tun shekarar 2020 tarurruka masu yawa suna zama ta intanet, dare da rana, kana iya shiga ba tare da an ga fuskarka ba. Bisa ga ƙa'idar jam'iyyar kuma, mashaya biyu ko uku da suka taru domin su bar sha sun isa su zama taro. Ku sa rana guda a mako, da sa'a guda, da ɗaki mai ƙofa. Wanda ya riga zuwa ya jira ɗan'uwansa.