Turamen da Suke Mutuwa a Cikin Adaka

Ajiye zane mai tsada domin wata babbar rana tsohuwar al'ada ce a gidajen Hausawa, kuma ciniki mai yawa a Kantin Kwari, kasuwar da ta tsiro daga kantunan fataken Siriya da Labanan a Fagge har ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin tufafi na Afirka ta Yamma, a kan wannan al'ada yake tafiya. Mace takan sayi turmi ba don ta kai wa tela a wannan mako ba, sai don ta jera shi a adaka ko a sif, tana jiran auren 'ya ko sunan jika, tana kuma kallon sa a matsayin kadarar da za ta miƙa wa dillaliya idan buƙata ta taso. Tun da darajar naira ta faɗi warwas daga shekarar 2023, kuɗin kayan da ake shigowa da su daga waje ya yi tashin gwauron zabo, wannan tunani ya ƙara samun gindin zama, har wasu na ganin sayen atamfa a ajiye ya fi ajiyar banki. Kuɗin turmi a kasuwa yana hawa, wannan gaskiya ne, amma turmin da ke kulle a ɗaki tsufa yake yi kullum, kuma mai shi ba ta sani sai ranar da ta warware shi.

Kayan da aka fi ɓoyewa sanannu ne. Akwai holan da sufa na kamfanin Vlisco da ke garin Helmond a ƙasar Holan, wanda aka kafa a 1846, ya kuma fito da sufa a 1973 a kan audugar da ta fi ta holan laushi da matsin saƙa. Akwai gezna, wato shaddar kamfanin Getzner na garin Bludenz a Ostiriya, wanda tarihinsa ya faro daga 1818, sai leshin Ostiriya da na Suwizalan, sai galila, shaddar da marinan Bamako ke rinawa su ba ta ƙaro ko sitaci su buge ta har ta yi ƙyalli da tauri. Duk tsadar waɗannan kaya, akasarinsu auduga ce, auduga kuwa tsiro ce da danshi da zafi da ƙwari ke ci. Humra ce ake haɗawa a rufe kwalba a bar ta ta kwana biyu ƙamshinta ya ƙara nuna. Babu wani turmi da ajiya ta taɓa ƙara wa kyau.

Abin da ya sa mai wannan rubutu, wanda sana'arsa sayar da atamfa da shadda ce a wannan kasuwa, ya ɗauki alƙalami shi ne al'amarin wata baiwar Allah, tsohuwar malamar firamare daga cikin birni, wadda take sayayya a shagon tun zamanin da mahaifinsa ne ke riƙe da shi. Duk lokacin da ta kwashi adashi takan zo ta zaɓi turmi ɗaya mai kyau, ba ta taɓa sayen na araha ba, kuma kullum maganarta ita ce tanadin bikin autarta take yi, wasu na amarya, wasu na fitar bikinta ita uwar. A cikin tarin akwai wata sufa mai ruwan shuɗi da maigidanta ya saya mata shekarar da aka haifi yarinyar, ya kuma rasu bai ga ta ɗaura ba. Duk ta shirya su a adakar ƙarfe da ta shimfiɗa wa tsofaffin jaridu, kowane turmi a cikin ledarsa an ɗaure da roba, ta watsa ƙwayoyin kafur, ta cusa kwalbar turare a tsakiya, sannan ta tura adakar ƙarƙashin gado a kan siminti, jikin bangon da ya raba uwar ɗaka da banɗaki. Idan ta buɗe, sabon turmi kawai take ɗorawa a sama ta mayar da kwaɗo.

Da aka sa ranar auren, ta kwashi kayan ta kai wa tela. Yana warware na farko ya ga farin layi ya bi duk inda ninki yake, ya ja kaɗan da hannu sai zanen ya yage tiryan-tiryan a kan layin, nan take ya yanke hukunci cewa jabu aka sayar mata, hukuncin da telan da ya san aikinsa ba zai furta ba kafin ya duba. Haka ta shigo shagon da buhunan kaya, ranta a ɓace, tana cewa, "Alhaji, ashe duk shekarun nan jabu kuke ba ni, kai da mahaifinka?" Amsar da aka ba ta ita ce, "Hajiya, ki zauna ki sha ruwa, mu warware su ɗaya bayan ɗaya a gabanki." Rubutun bakin zane da lambar zanen suna nan daidai, rini ya kama ciki da waje babu bambanci, babu turmi ɗaya da ba na gaske ba. Sai dai kusan kowane turmi yana ɗauke da shaidar abin da ya kashe shi. Na can ƙasa sun sha tsatsa, har ana iya ƙirga ƙusoshin adakar a jikinsu. Takardar kamfani da ke liƙe a kan turmi ta bar tabo mai kusurwa huɗu ruwan ƙasa, domin gam ɗinta ya ratsa zaren. Robar ɗauri ta narke ta manne. Zaren gwal na leshi ya koma baƙi, duwatsunsa sun zube a cikin leda. Galila kuwa ƙwari sun bi sitacinta sun huda ta ninki bayan ninki, ta yadda rami ɗaya ya zama ramuka a jere idan an shimfiɗa ta. Kwalbar turaren ta tsiyaye tun tuni, man ya bushe ya zama jan tabo a kan farar gezna, warin fumfuna kuma ya cika shagon har maƙwabta suna leƙowa.

Wannan duka abin baƙin ciki ne, amma abin da ya fi tayar da rai shi ne cewa kafin ta iso kasuwa wata maƙwabciya ta tura ta wurin wani mai wanki da guga da ke tallata kansa a matsayin gwanin fitar da kowane irin tabo. Ya zaɓi turaman da suka fi sauƙin ceto, waɗanda fumfunarsu ba ta wuce ƙurar sama ba, waɗanda shanya a inuwa da kaɗewa da burushi mai laushi za su wadatar, ya jiƙa su a ruwan zafi da bilic, ya dirje su, ya shanya su a tsakar rana, ya bi su da dutsen guga mai zafi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Shuɗin ya kwaranye ya bar dabbare-dabbare, zaren ya yi laushin ruɓa, sauran tabon da bai fita ba kuma zafin guga ya zaunar da shi har abada, ya kuwa karɓi kuɗin aikinsa cif. Sufar marigayin tana cikin waɗanda ya taɓa. Da aka shimfiɗa ta a kan teburin shago sai matar ta yi shiru, can ta ce, "Kullum yana ce mini in ɗinka, ni kuma ina cewa sai bikin auta." Abin da aka iya tsamowa bai wuce 'yan turaman sama ba, da ɗankwalaye da aka yanko daga tsakiyar wasu, sauran fitar bikin kuwa da atamfar Sin ta bashi aka cike.

Babu abin mamaki a yadda kayan suka lalace. Fumfuna, wato ƙwayoyin halittar da ke tsirowa a kan abu mai laima su bar baƙaƙen ɗigo, tana samun damar yaɗuwa da zarar danshin iska ya haura kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari ya kuma daɗe a haka, yanayin da ɗakunan Kano ke shiga a watan Agusta, lokacin da ruwan sama ya fi yawa. Leda ba ta hana wannan. Danshin da ta rufe da shi tsare shi take yi, zafin bazara ya dafa shi, sanyin siminti ya mayar da shi raɓa a jikin zane. Fumfuna kuma idan ta daɗe ba a saman zare take tsayawa ba, cin sa take yi, shi ya sa babu sabulun da ke mayar da abin da ta riga ta ci. Takardar jarida da kwali da ɗanyen katako suna fitar da sinadari mai tsami da ke sa auduga ta yi ja ta yi rauni, roba tana fitar da sinadarin farar wuta da ke baƙanta zaren ƙarfe, ninkin da ya shekara goma a wuri ɗaya ƙarƙashin nauyi kuwa karya zaren yake yi. Baƙin yadin da aka rina da rinin farar wuta ya fi kowanne haɗari, domin a cikin zafi da laima rinin da kansa yana rikiɗa ya ci audugar. Saboda irin waɗannan dalilai ne gidajen adana kayan tarihi na duniya ke riƙe danshin ɗakunan tufafinsu a wajen kashi 50 cikin ɗari, su naɗe manyan zannuwa a kan bututu maimakon ninkewa, su kuma lulluɓe su da wankakkiyar farar auduga.

Maganar kafur tana buƙatar tsayawa, domin haɗarinta ya wuce na zane. Fararen ƙwayoyin da ake sayarwa da wannan suna, da yawansu naftalin ne, sinadarin da Tarayyar Turai ta hana sayar da shi a matsayin maganin asu tun 2008. Asun da ake sa shi dominsa ma ulu da siliki ya fi ci, kuma naftalin ba ya hana gara ko tsatsa ko laima. Likitocin yara sun daɗe suna gargaɗi cewa jariran da aka haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, larurar gado da ke da yawa a Nijeriya musamman a tsakanin maza, ƙwayoyin jininsu na iya farfashewa idan aka naɗe su a tufafin da suka sha naftalin, ciwon shawara mai tsanani ya biyo baya, wanda kan taɓa ƙwaƙwalwa. Duk da haka har yau kakanni na ciro zanen goyo daga adaka yana ƙaurin kafur su lulluɓe ɗan kwana uku da shi.

Wadda ta ga lallai sai ta ajiye, to ta cire turmi daga leda, ta kwance roba da allura da duk wani ƙarfe, ta naɗe shi a farin alawayyo da aka wanke aka fitar da sitacinsa. Akwati ya hau kan wani abu, ya bar ƙasa, ya kuma bar jikin bango, balle bangon banɗaki. A fito da kaya aƙalla sau biyu a shekara, kafin faɗuwar damina da kuma bayan ɗaukewarta idan iskar hunturu ta fara kaɗawa, a warware su gaba ɗaya a inuwa, a sauya wurin ninki, na ƙasa ya dawo sama. Turare ba ya kwana cikin zane. Galila da duk abin da aka ba sitaci ba kayan ajiya ba ne, a ɗinka su a shekararsu. Maza ma da ke cire babbar riga ranar Salla su ninke ta da gumi da turarenta sai wata Sallar, su ji. Takardar kamfani ita ce shaidar mai niyyar sayarwa, amma gam ɗinta ba ya jure shekaru, don haka wadda ta sayi turmi domin riba kada ta riƙe shi ya daɗe. Leda dai a cire ta. Ko ledar kamfani ce, ta jigila ce, ba ta ajiya ba. Idan kuma an ga tabo, a fara nuna wa wanda ya sayar da kayan ko gogaggen marini kafin ruwa ya taɓa shi.

Su ma 'yan kasuwa ba su fita ba. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ta jiƙa diloli masu yawa, gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 kuma ta nuna cewa abin da wuta ta bari ruwan kashe ta yana iya ƙarasawa. Duk lokacin da irin haka ta faru ba a rasa marasa tsoron Allah da za su shanya kayan, su sake ninki, su sa sabuwar leda, su sayar wa mai ajiya da cutar tana ciki. Ɓoye aibin haja haramun ne, malaman fiƙihu kuma sun ba mai saye damar mayar da ita idan aibin ya bayyana. Mai saye ta sa a warware mata turmi ta shinshina shi. Wanda ya ƙi warwarewa, ta bar masa kayansa.

Zane na ɗaurawa ne. Wanda miji ko ɗa ya saya, a ɗinka shi yana raye ya gani. Tanadin bikin da ya rage shekara goma a yi shi da zinare ko dabba ko fili, a sayi zanen idan an sa rana. Leda, kafur, siminti da bilic, waɗannan huɗun su ne ke cinye dukiyar mata a cikin ɗakunansu, kuma duk wanda ya ce zai fitar da fumfuna da bilic, a karɓe zanen daga hannunsa tun bai kai shi bakin famfo ba.