Darasi Daga Sudan: Mai Kiwon Kura Don Ta Yi Masa Gadi

Yau darasinmu a kan rundunar RSF ta Sudan ne, domin ba kowa ya san asalinta ba.

A shekarar 2003 tawaye ya ɓarke a yankin Darfur. Gwamnatin Umar al-Bashir ta raba wa mayaƙan Janjawid makamai, suka shiga ƙauyukan ƙabilun Fur da Masalit da Zaghawa suna ƙonawa, suna kisa, suna keta mutuncin mata. Masu kisan Musulmi ne, waɗanda ake kashewa ma Musulmi ne. Maimakon a hukunta su, sai a 2013 aka ɗinka musu kaki, aka raɗa musu suna RSF, Muhammad Hamdan Dagalo, wato Hemedti, ya zama jagoransu. Al-Bashir ya ɗauka ya samu masu tsare masa kujera.

To me ya biyo baya? A watan Afrilun 2019 Hemedti na cikin waɗanda suka juya masa baya. Ranar 3 ga Yunin shekarar, ana ƙarshen azumin Ramadan, aka afka wa masu zaman dirshan a gaban hedikwatar soja a Khartum. Likitoci sun ce an kashe sama da mutum 100, har daga kogin Nilu an tsamo gawarwaki. Ranar 15 ga Afrilun 2023 kuma RSF ta gwabza da sojojin ƙasar, miliyoyi suka rasa muhallinsu. A garin Al-Junaina an yi wa Masalit kisan kiyashi.

Ga abin lura guda uku.

Na ɗaya, duk shugaban da ya ba mutum bindiga ya ɗauke masa tsoron shari'a, ya haƙa ramin da shi ma zai iya faɗawa.

Na biyu, zaluncin da aka yi shiru a kansa girma yake yi. Wutar da ta ci ƙauyukan Darfur, bayan shekara 20 ta iso babban birni.

Na uku, kai mai kaki, "umarni aka ba ni" ba zai fisshe ka ba ranar hisabi. Kabarinka kai kaɗai za ka shige shi, ba da oganka ba.

Allah ya kawo wa mutanen Sudan ɗauki, ya isar wa duk wanda aka zalunta, ya tsare hannayenmu daga jinin bayinsa. Amin.