Me Ya Sa Mutane Ke Ƙin Amsa Tambayoyin Binciken Lafiya?

Gabatarwa

Ni Eggon ce, a makaranta da kasuwa na koyi Hausa. A hutun da ya wuce wata mai bincike ta ɗauke ni tafinta, muka shiga Angwan Lambu a nan Keffi da takardun tambayoyi kan lafiyar mata da yara. Gida bayan gida sai a ce mana, "Maigida ba ya nan." Wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin idan mata da yawa suka ƙi amsawa, alƙaluman za su karkace, alhali da irinsu ake tsara rabon magani da ma'aikata.

Ra'in Sauya Ɗabi'a

A shekarar 2011 Susan Michie da abokan aikinta biyu a Ingila suka fito da ra'in COM-B. Ra'in ya nuna mutum ba ya aikata abu sai abubuwa uku sun haɗu: iyawa, dama da niyya. Amsa tambaya ma aiki ne, don haka muka auna matsalarmu da su.

1. Iyawa. Takardarmu da Turanci take, ni kuma ina fassarawa a tsaye da Hausar littafi. Muka zauna muka mayar da ita Hausar gida. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ma ta fassara tambayoyin binciken lafiya na 2018 zuwa Hausa da Yarbanci da Ibo.

2. Dama. Da safe mata na fama da girki. Muka koma zuwa bayan azahar, muka fara gaida mai unguwa, muka kuma nemi izinin magidanta.

3. Niyya. Tushenta yarda. A 2003 zargi ya sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano har zuwa 2004. Kalma ɗaya kan jawo irin wannan zargi. Da na ce "ƙayyade iyali" sai fuskoki suka canja, amma "tazarar haihuwa" ta samu karɓuwa. Haka kuma na tambayi wata baiwar Allah sunan ɗanta na fari, ta sunkuyar da kai. Na manta da kunyar ɗan fari! Daga ranar nakan bari wata a gidan ta faɗa.

Kammalawa

Bayan gyaran nan, gidajen da suka kore mu suka shimfiɗa mana tabarma. 'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda aka ba fassarar takardar tambayoyi, ya fara gwada ta a kan mutum biyar na unguwa kafin a buga. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma sai an san harshen gidan.