Yadda Ake Huda Tankin Gilas Domin Bututun Mayar da Ruwa a Ɗakin Ƙyanƙyasar Kifi

Gabatarwa

Garin Jos yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga teku, don haka a watannin Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauko zuwa digiri 12 ko ƙasa da haka. Wannan yanayi ya dace da kifin kaf, wanda aka kawo gonar kifi ta Panyam da ke yankin Mangu daga ƙasar Austriya a shekarar 1954. Amma tarwaɗa, wadda ita ce mafi yawan manoma ke kiwo a yau, kifin ɗumi ce. A ruwa mai zafin digiri 28 zuwa 30 ƙwanta yakan ƙyanƙyashe cikin kimanin kwana ɗaya. A digiri 20 kuwa yakan wuce kwana biyu, kuma da yawa su lalace kafin lokacin.

Manomin da ya kashe kuɗin wuta ko na man janareta ya ɗumama ruwa, bai kamata ya zubar da shi ba. Dabarar ita ce ruwan ya riƙa fita daga tankin 'ya'yan kifi zuwa tankin tacewa da ke ƙasa, sa'annan famfo ya turo shi ya dawo da ɗuminsa. Masu ƙananan ɗakunan ƙyanƙyasa sukan so tankin gilas saboda ana ganin ƙwai da 'ya'yan kifi ta ko'ina, kuma yana da sauƙin wankewa. Wasu sukan rataya tiyo ta saman tankin don gudun huda gilas. Ba mu ba da wannan shawara ba, domin tiyo yakan zame da dare, gari ya waye ruwa ya malale a ƙasa.

Gilas ɗin da ba a hudawa

Akwai gilas da aka gasa a masana'anta don ƙara masa ƙarfi, irin na tagogin gefen mota. Da zarar ƙarfen huji ya ci fuskarsa sai ya tarwatse baki ɗaya ya zama kamar tsakuwa, kuma babu gwanintar da za ta hana hakan. Wasu tankunan da ake shigowa da su daga waje gindinsu irin wannan gilas ne, ko da gefunansu na gama-gari ne. A duba kusurwa ko akwai tambari. In babu, a sa allon kwamfuta mai farin haske a bayan gilas ɗin, a duba ta tabarau irin mai kashe ƙyalli ana juya shi a hankali: gasasshen gilas yakan nuna layuka ko ɗigo-ɗigo masu duhu. Wanda zai ba mai yankan gilas aikin haɗa sabon tanki, ya fi sauƙi a huda falon gilas ɗin yana shimfiɗe kafin a manna shi. Gilas mai kauri ƙasa da milimita 5 yana saurin tsagewa, gara a bar shi.

Inda ramin zai zauna

A nan ne aka fi yin asara, ba wajen hujin kansa ba. Idan wuta ta ɗauke famfo ya tsaya, bututun da ke kawo ruwa sai ya juya ya riƙa zuƙe ruwan tanki zuwa ƙasa, kamar yadda ake zuƙo fetur da tiyo daga tankin mota. Ba zai daina ba sai ruwan ya sauko daidai bakin bututun iska ta shiga.

A ɗauki tanki mai tsawon santimita 90 da faɗin santimita 45. Kowace santimita ɗaya ta zurfin ruwansa tana ɗauke da kimanin lita 4. Idan bakin bututun yana santimita 10 ƙarƙashin fuskar ruwa, lita 40 ne za su gangara tankin tacewa. Idan yana santimita 2, lita 8 ne kawai. In kuwa manomi ya huda ramin kusa da gindi don bututu ya ɓuya, to tankin gaba ɗaya zai ƙafe, 'ya'yan kifi su mutu, hita kuma in wuta ta dawo ta tarar da ita a bushe sai ta ƙone ko ta fasa gilas. Saboda haka ramin mayar da ruwa a sama yake zama, kuma a bar sarari a tankin tacewa da zai ɗauki ruwan da zai gangaro. Inda dole bakin bututu ya nutse, a yi masa ɗan rami na milimita 3 ko 4 dab da fuskar ruwa don iska ta shiga ta katse zuƙar. Wannan ɗan rami yakan toshe da gansakuka, sai a riƙa tsokace shi duk mako.

Duk da haka kada ramin ya matsu da bakin gilas. A bar tazarar da ba ta gaza faɗin ramin kansa ba daga kowane gefe, haka kuma tsakanin rami da rami. Bututun fitar ruwa ya fi na mayarwa girma, domin shi gangara kawai yake bi, ɗayan kuwa famfo ke tura shi. Idan na mayarwa inci uku bisa huɗu ne, na fita ya zama inci ɗaya ko fiye. A sa su nesa da juna don ruwa ya ratsa tankin duka, kuma a rufe bakin na fita da raga mai ƙananan idanu.

Yadda ake hujin

A fara sayen mahaɗin tanki, wato irin wanda masu aikin famfo ke ɗaura wa tankin roba, mai noti da wosha ta roba, sa'annan a sayi ƙarfen huji daidai da shi. Galibi mahaɗin inci uku bisa huɗu yana son rami na milimita 35, na inci ɗaya kuma milimita 45, amma kamfanoni sun bambanta, don haka a auna zaren mahaɗin da ke hannu. Ƙarfen hujin shi ne mai kama da gwangwani wanda aka liƙa wa garin daimon a baki. Na katako ko na bango ba ya yin wannan aiki.

A wanke tankin, a kwantar da shi a kan bargo, fuskar da za a huda tana sama. A manna salatif a bayan wurin don guntun gilas ya tsaya, a kuma shimfiɗa tsumma a ƙasa kada ya faɗo ya fasa ɗaya gefen. A huda rami mai girma ɗaya a jikin falanki siriri a ɗaure shi a kan gilas, shi zai hana ƙarfen yawo. A kewaye wurin da yumɓu kamar ƙaramar fadama a zuba ruwa, ko wani ya tsaya yana tsiyayawa daga gora. Zafi ne ke tsaga gilas, don haka ruwa ba zai yanke ba ko na ɗan lokaci. An fi son injin huji mai batir, tunda ana aiki cikin ruwa, kuma a tabbatar an kashe bugun da ake sa wa injin idan za a huda bango.

A tafi da injin a hankali, a miƙe. Ƙarfen ba yanka yake yi ba, niƙa yake yi, saboda haka nauyin injin kaɗai ya isa. Rami ɗaya yakan ci mintoci da dama. Ruwan zai yi fari kamar madara, alamar aiki na tafiya. Idan an kusa ɓullewa sai a ƙara sassauta hannu, domin a wannan gaɓa ce masu gaggawa ke ɓantare bayan gilas. Mai aiki ya sa tabarau da safar hannu. Bayan an gama a goge bakin ramin da sanfefa mai laushi da ruwa, a ɗauraye tankin sosai, domin garin gilas yana cutar da 'ya'yan kifi.

Ɗaura mahaɗi da gwaji

Wosha tana zama a gefen kan mahaɗin mai faɗi, ba gefen noti ba. A ɗaure noti da hannu, a ƙara kamar kwatan juyi da sifana, a tsaya. Ɗauri fiye da haka yana murɗe wosha ko ya tsaga gilas bayan kwanaki. Idan an ga buƙatar silikon, a nemi wanda ba a sa masa maganin hana fumfuna ba, domin irin na banɗaki guba ne ga kifi. Bututun da ke waje a tokare shi da bango ko da teburin tankin, kada nauyinsa ya rataya a jikin gilas.

A cika tankin da ruwa ba kifi, a bar shi awa 24, a shimfiɗa takarda busasshiya ƙarƙashin mahaɗin don ganin ɗiga. Daga nan a kunna famfo ya yi aiki, sai a kashe shi da gangan a tsaya har ruwa ya daina gangarowa. A yi alama da fenti a jikin tankin tacewa inda ruwan ya tsaya. Malamin gona ya nemi a yi wannan gwaji a gabansa, sau biyu ko uku, kafin manomi ya zuba ƙwai.