Darasin Kwamfuta: Yadda Ake Kafa Sabuwar Manhajar Intanet Daga Zubin Farawa

Darasinmu na wannan fitowa zai yi bayani ne a kan yadda mutum zai kafa manhajar intanet a kan kwamfutarsa, ya kuma tayar da ita ya gan ta da idonsa. Sai a karanta a tsanake, a bi shi daki-daki.

Ma'anar kalmomi

Manhajar intanet ita ce wadda ake buɗewa a cikin burauza, watau irin su Chrome ko Firefox, ba sai an girka ta a waya ba. Shi kuwa zubin farawa, wasu fayiloli ne da masana suka riga suka tsara, aka haɗa su yadda za su yi aiki tare. Misalinsa kamar tela ne ya sami yadi an riga an auna an yanka masa, shi nasa ɗinki ne da ado. Fa'idarsa ita ce mai koyo ba zai ɓata kwanaki wajen haɗa kayan aiki ba tun bai rubuta komai nasa ba.

Zubin da za mu ɗauka shi ne na Vite tare da React. Vite kalmar Faransanci ce, ana furta ta "vit", ma'anarta sauri. Wani masani mai suna Evan You ne ya fito da shi a 2020. React kuwa kamfanin Facebook ne ya sake shi ga jama'a a 2013. Duka biyun kyauta ne.

Tanbihi: za ka tarar da tsofaffin darussa suna koyar da wani zubi mai suna Create React App, wanda ya fito a 2016. To ka sani, masu React sun sanar a watan Fabrairu na 2025 cewa kada a ƙara fara sabon aiki da shi. Kada ka ƙona datarka a kansa.

Sharuɗɗa kafin farawa

Sharuɗɗan uku ne. Na farko, kwamfuta mai caji, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar sauke kaya, aikin kan lalace. Na biyu, data, amma ta farkon aiki kawai ake bukata. Na uku, manhajar Node.js, wadda Ryan Dahl ya ƙirƙiro a 2009. Ita ce ke ba kwamfuta ikon gudanar da harshen JavaScript a wajen burauza. Ka sauke fitowar da aka rubuta wa LTS, don ita aka fi daɗewa ana kula da ita. Tana zuwa da abokin aikinta npm, wanda shi ne ɗan aiken da ke ɗauko maka ƙunshe-ƙunshen da wasu suka rubuta.

In ka gama girkawa, buɗe allon umarni, wato wannan baƙin allo da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta:

node -v

Idan lamba ta fito, sharaɗi ya cika. Idan ya ce bai san wannan umarni ba, rufe allon ka sake buɗewa. In abin ya ƙi, sai a sake girkawa.

Yadda ake yi

Mu ƙaddara za mu yi manhajar jadawalin darussan ajinmu.

Mataki na ɗaya, ka rubuta:

npm create vite@latest jadawali -- --template react

Wannan zai buɗe sabuwar jaka mai suna jadawali, ya zuba fayilolin zubin a ciki. Zai iya yi maka tambaya ɗaya ko biyu da Turanci. Karanta kafin ka amsa.

Mataki na biyu, ka shiga jakar:

cd jadawali

Mataki na uku:

npm install

A nan npm zai duba wani fayil mai suna package.json, wanda shi ne jerin kayan da manhajar ke bukata, ya sauko da su cikin jakar node_modules. Nan ne data ke tafiya, kuma nan ake haƙuri.

Mataki na huɗu:

npm run dev

Sai ka ga adireshi ya fito kamar haka: localhost:5173. Ka rubuta shi a burauza, shafi zai buɗe da tambarin Vite da na React. Manhajarka ta tashi ke nan.

Mene ne wannan adireshi? Kalmar farko tana nufin "wannan kwamfuta da nake kai". Lambar 5173 kuwa kamar lambar ƙofa ce a gida mai ƙofofi da yawa. In wani aiki ya riga ya tare ƙofar, Vite zai koma ta gaba, 5174. Saboda haka ka fahimta, a wannan hali kai kaɗai ke ganin shafin, bai hau intanet ba tukuna. Kada ka aika wa ɗan'uwanka da ke Zariya wannan adireshi ka ce ya duba, ba zai ga komai ba.

Sa hannunka a ciki

Buɗe jakar src, ka nemi fayil App.jsx. Canja wata jimla da ke ciki zuwa "Jadawalin Aji Huɗu", ka adana. Dubi burauza: rubutun ya sauya nan take ba tare da ka sake loda shafin ba.

Sa'an nan buɗe index.html. A sama za ka ga lang="en", mai da shi lang="ha", alamar shafin Hausa ne. Akwai kuma layi mai UTF-8. Kada ka taɓa shi, domin shi ke sa ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai, haka ma haruffan ajami. Wanda zai rubuta sashe da ajami sai ya ƙara dir="rtl" a kan sashen, rubutu ya taso daga dama.

In ka gama na yau, danna Ctrl da C tare a allon umarni, aikin ya tsaya. Gobe npm run dev kaɗai za ka rubuta, ba sai da data ba.

Abubuwan da ke ɓata aiki

Na ɗaya, rubuta umarni alhali ba ka shiga jakar ba. Shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma npm zai ce bai ga package.json ba. Na biyu, rufe allon umarni, sa'an nan a yi mamakin shafi ya mutu. Na uku, gyara wani abu a cikin node_modules. Ba naka ba ne, kuma in za ka ba aboki aikinka a filashi, bar wannan jaka, shi ma npm install zai dawo masa da ita. Idan jan rubutu ya fito, kada ka firgita. Karanta layin farko, galibi yana faɗin sunan fayil da lambar layin da matsalar take.

Na huɗu shi ne mafi hatsari, iyaye ma su lura. Ranar da za a ɗora manhaja a intanet ana rubuta npm run build, sai a sami jaka mai suna dist, ita ake ɗorawa. Duk abin da ya shiga cikinta, kowa a duniya zai iya buɗewa ya karanta. Don haka kada a rubuta kalmar sirri a ciki, ko lambobin wayar iyaye, ko sakamakon jarrabawar yara. Waɗannan amana ce, wurin ajiyarsu daban ne.

Aikin gida

1. Mene ne bambancin npm install da npm run dev?
2. Don me abokinka da ke wani gari ba zai ga localhost naka ba?
3. Kafa manhajar jadawali, ka rubuta darussan Asabar zuwa Laraba a ciki, ka kawo a gani.

Wanda ba shi da kwamfuta a gida ya haɗu da wanda ke da ita, ku yi bibbiyu ko uku-uku, amma kowa ya rubuta umarnin da hannunsa. Allah ya ba da sa'a. Wassalam.