Darasin Kasuwanci: Me Sunan Ginshiƙin Manhaja Yake Nufi?

A garin Jos, inda Jami'ar Jos da cibiyar nHub suka yaye matasa masu rubuta manhajar kwamfuta, 'yan kasuwa da dama kan ba da aikin shirya musu manhajar lissafin kaya ko ta ciniki ta intanet. A takardar yarjejeniyar sukan ci karo da sunaye irin su Django da Laravel da .NET, su kuma tambaya ko haruffan taƙaitawa ce ta wasu kalmomi.

Waɗannan dai sunayen ginshiƙan manhaja ne, wato kayan gini da aka riga aka shirya, waɗanda mai rubuta manhaja yake ɗora aikinsa a kansu, kamar yadda magini yake sayen bulo maimakon ya buga da kansa.

Mafi yawan sunayen ba taƙaitawa ba ne. Django, wanda Adrian Holovaty da Simon Willison suka fara ƙirƙira a shekarar 2003 a wani gidan jarida na jihar Kansas ta Amurka, aka kuma fitar da shi ga jama'a a 2005, sunan wani makaɗin jita ne, Django Reinhardt. Laravel, wanda Taylor Otwell ya fitar a 2011, ƙirƙirarren suna ne. Shi kuwa .NET na kamfanin Microsoft, wanda ya fito a 2002, ana rubuta shi da manyan haruffa, amma ba kowane harafi ne ke wakiltar kalma ba. Mutanen Jos sun san irin wannan ruɗani, domin wasu kan ce haruffan sunan garin taƙaitawa ce ta wata jimlar Turanci, alhali masana tarihi da dama na danganta shi da sunan wani tsohon ƙauye, Gwosh.

Sai dai akwai sunayen da taƙaitawa ne na haƙiƙa. LAMP, alal misali, yana nufin haɗakar Linux da Apache da MySQL da PHP, don haka yana bayyana wa mai saye kayan da aka yi masa gini da su.

Inda asara take ɓoye shi ne a sunaye masu kama da juna. Kamfanin Google ya fitar da AngularJS a 2010, sannan ya fitar da Angular a 2016, wanda aka sake rubuta shi daga tushe. A ƙarshen 2021 aka daina yi wa na farkon gyara. Duk wanda aka gina masa manhaja a kansa, ko dai ya biya kuɗin sake gini, ko ya zauna da ɓarakar tsaro da kamfanin Google ya daina toshewa.

Saboda haka, ya kamata ɗan kasuwa ya nemi a rubuta masa abubuwa huɗu kafin ya sa hannu: cikakken sunan ginshiƙin da lambar fitowarsa, ko masu shi suna ci gaba da gyara shi, ko akwai wasu ƙwararru a Jos da za su iya karɓar aikin idan na farko ya tafi, da kuma wanda ya mallaki asalin rubutun manhajar. Dillalin dankali a kasuwar Farin Gada ba ya sayen buhu saboda rubutun da ke jikinsa, sai ya kwance bakinsa ya duba.